DuckDuckGo da ire-irensa, nasu ne ko aro suke yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na bar Google na koma DuckDuckGo saboda an ce ba ya bin sawun mutum. Sai abokina ya ce duk kanwar ja ce, wai ƙananan injinan bincike ba su da kayan kansu, aro suke yi. Haka ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Abokinka yana da gaskiya a kan yawancinsu, amma ba duka ba.

Idan ka rubuta kalma ka danna bincike, injin ba ya zagaya intanet a wannan lokacin. Tun kafin nan manhajojinsa sun bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, sun kwafe abin da ke ciki, sun jera a wani katafaren rumbu. Daga rumbun nan ake ɗebo maka amsa. Gina shi kuwa aiki ne mai cin kuɗi: dubban kwamfutoci, wutar lantarki dare da rana, da komawa kowane shafi a kai a kai don ganin abin da ya canja. Ƙari a kan haka, masu shafuka da yawa suna buɗe wa Google ƙofa, su toshe wa baƙuwar manhajar da ba su sani ba.

Shi ya sa da yawa suka zaɓi sari, kamar mai shago da ke ɗauko atamfa daga babban dila a Kantin Kwari ya sa a ledarsa. DuckDuckGo yana da manhajarsa mai bin shafuka, amma galibin sakamakonsa daga Bing na Microsoft yake fitowa. Yahoo ma haka. Startpage kuma ya daɗe yana dogara da Google. An ga wannan a fili a watan Mayun 2024, lokacin da Bing ya samu tangarɗa: DuckDuckGo da Ecosia da Qwant duk suka tsaya tare da shi.

Masu nasu rumbun akwai su. Yandex a Rasha, Baidu a Sin, Mojeek a Ingila, sai Brave Search da ya yanke alaƙa da Bing a 2023. Ecosia ta Jamus da Qwant ta Faransa sun sanar a 2024 cewa za su haɗa hannu su gina nasu, kuma wannan ya faranta mini rai, domin bai dace kamfanoni biyu su riƙe ƙofar ilimin duniya ba.

Game da sirrinka, aron rumbu ba ya nufin an miƙa sunanka. DuckDuckGo ya ce yana tura tambayarka ba tare da bayananka ba, don haka ba lallai ka bar shi ba. Sai dai idan da Hausa kake bincike, ƙaramin rumbu yakan rasa shafukanmu. Ka rubuta jimla ɗaya ta Hausa a Google da DuckDuckGo da Mojeek, ka kwatanta shafin farko na kowanne kafin ka zaɓi wanda za ka sa a wayarka.