Idan Na Sauya Faifai Zuwa SSD, Shin Lasisin Windows Ɗina Zai Mutu?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da kwamfutar HP ProBook mai Core i5-8250U da na saya gwanjo, tana kan Windows 10 Pro, kuma nauyinta ya kai ni maƙura. Na sayi SSD, wato sabon nau'in faifan ajiya mai sauri, mai gigabait 256 domin in maye gurbin tsohon faifan, ina kuma son komawa Windows 11. Mai gyara ya ce mini da zarar an cire tsohon faifan lasisina ya tafi, sai na biya shi ya yi mini aktibeshon, wato ya kunna mini lasisin. A cikinta akwai aikin digirina na biyu da hotunan iyali, kuma hankalina a tashe yake. Shin in haɓaka ta a yadda take ne, ko in yi sabon zubi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, domin daga abin da ka bayyana babu dalilin da zai sa ka rasa aikinka ko lasisinka, muddin ba ka bari an taɓa tsohon faifan ba. Kwamfutarka ta cancanci Windows 11, tunda Microsoft ta sa iyakar a kan Intel zubi na takwas zuwa sama, wanda i5-8250U ɗinka ke cikinsa, tare da TPM 2.0 (na'urar tsaro ta cikin kwamfuta) da UEFI (sabon tsarin tayar da kwamfuta) da RAM na gigabait 4 da wurin ajiya na gigabait 64. Komawar ma ta zama dole, domin tun ranar 14 ga Oktoban 2025 aka daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi da zai ƙare a ranar 13 ga Oktoban 2026.

Shawarata ita ce sabon zubi a kan SSD, wato girka Windows daga farko a kan faifan da babu komai. Haɓakawa tana da ranarta ga wanda kwamfutarsa ke lafiya, yake kuma da manhajojin da sake girka su zai zame masa wahala, domin tana barin fayiloli da manhajoji a inda suke, tana kuma ba shi kwana 10 ya koma tsohuwar Windows idan bai gamsu ba. Amma tana kwaso duk dattin da ke cikin tsohuwar, kuma kwamfutar gwanjo da ba ka san hannu nawa ta bi ba, ba ka da dalilin gadon abin da aka bari a cikinta. Kai da ka riga ka sayi sabon faifai, sabon zubi ya fi maka aminci ma, tunda tsohon zai zauna a gefe da komai naka a cikinsa ba tare da an goge ko harafi ɗaya ba.

Maganar mai gyaran nan kuwa ita ce nake son in tsaya a kanta, domin kusan kullum sai na ci karo da wanda aka yi wa wannan aika-aika. Lasisin Windows ba a cikin faifan ajiya yake ba. Tun daga Windows 8 a shekarar 2012, manyan kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka daina manna takardar lambar lasisi a ƙarƙashin kwamfuta, suka koma dasa lambar mai harufa 25 a cikin babban allon kayan cikin kwamfutar kansa, wato motherboard, inda fomat ba ya kaiwa. Daga Windows 10 a shekarar 2015 aka ƙara lasisin dijital, wato Microsoft tana riƙe da shaidar kayan cikin kwamfutarka a wurinta, ta yadda duk lokacin da ka sake zuba Windows iri ɗaya ka hau intanet, za ta gane ta ta kunna lasisin da kanta. Abin da ke rikita wannan shaida shi ne sauya babban allon, ba sauya faifai ko ƙara RAM ba. Lasisin Windows 10 kuma yana aiki a kan Windows 11, Pro zuwa Pro, Home zuwa Home, ba tare da biyan ko kwabo ba.

To me mai gyaran yake sayar maka da sunan aktibeshon? A mafi yawan lokuta wata manhajar fashi ce da ke kwaikwayon KMS, tsarin da Microsoft ta tanada domin ma'aikatu da jami'o'i masu kwamfutoci da yawa, inda kowace kwamfuta take karɓar lasisin kwana 180 daga uwar garken ma'aikatar, tana sabunta shi duk bayan kwana 7. Manhajar fashin tana cire lambarka ta gaskiya daga cikin Windows, ta sa lambar gama-gari ta ma'aikatu, sannan ta dasa wani abu da zai riƙa yaudarar kwamfutar cewa tana magana da uwar garke ta gaskiya. Kafin ta shiga sai an kashe Windows Defender, mai gadin Windows daga mugayen manhajoji, ko an umarce shi ya kawar da kai daga wata jaka, kuma galibi ba a mayar da shi yadda yake. Kamar mutum ne mabuɗin gidansa na cikin aljihunsa, ya biya wani ya ɓalle masa ƙofa, sannan ya kwana da ƙofar a buɗe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda ake ɗaukar wannan a matsayin gwaninta. Waɗannan manhajoji ba su da wani tushe amintacce da za a ce daga nan ake samo su, yawo suke yi daga filashi zuwa filashi, kuma kamfanonin tsaron kwamfuta sun sha gano kwafinsu ɗauke da ɓarayin kalmomin sirri da masu haƙar kuɗin intanet a ɓoye. Kwamfutar da kake shiga imel da manhajar banki da WhatsApp a kanta, ka ba wa abin da ba ka san wanda ya rubuta shi ba cikakken iko a kanta, bayan ka kashe mai gadi da hannunka. Wata shida kuma idan sabuntawar ta cije, saƙo ya fito cewa lasisinka ya kusa ƙarewa, sai ka koma wurin mutumin nan ka sake biya. Ban ce duk mai gyara macuci ba ne, domin da yawansu a haka suka koya a wurin ubangidansu, filashi ɗaya suke zuba wa kowa ba su taɓa duba ko kwamfutar da ke gabansu tana da lasisinta ba. Amma rashin sani ba ya rage ɓarnar, kuma wanda ya karɓi kuɗin mutum da sunan sana'a wajibi ne a kansa ya san abin da yake sayarwa. Kwamfutocin gwanjo da suke shigo mana, musamman ProBook da Latitude da ThinkPad, yawancinsu daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito da Windows Pro ta halal a cikin allonsu, sai a zo nan a rufe ta da ta sata.

Kafin ka cire komai, ka duba matsayinka. Ka buɗe Command Prompt, tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta slmgr /dli, ka karanta layin bayani. Idan ka ga OEM ko RETAIL, lasisinka na gaskiya ne. Idan ka ga VOLUME_KMSCLIENT alhali kwamfutar ba ta wata ma'aikata ba ce, to an riga an yi maka fashin tun a wurin wanda ya sayar maka, kuma slmgr /xpr zai nuna maka ranar da zai ƙare. Ko a wannan hali ba a yi asara ba, domin manhajar fashi ba ta iya goge lambar da ke cikin allon, sabon zubi zai dawo da ita idan tana nan. Wannan ma ƙarin dalili ne na guje wa haɓakawa, tunda ita za ta wuce da fashin ne zuwa Windows 11.

Aikin kansa ba shi da wuya. Ka kwafi aikin digirinka da hotunan zuwa wani wuri dabam tukuna, kuma kada ka lissafa ɓangaren D a matsayin wani wuri, domin yana kan faifai ɗaya da C. Ka duba ko BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, a kunne yake a tsohon faifan, in haka ne ka adana lambar ceto mai alƙaluma 48, domin idan babu ita ba za ka iya buɗe shi a wata kwamfuta ba. Ka samo filashi mai aƙalla gigabait 8, ka zuba masa Windows 11 da manhajar Media Creation Tool daga shafin Microsoft kai tsaye, ka kuma sauko da direban Wi-Fi, wato manhajar da ke sa shi aiki, daga shafin HP, domin Windows 11 tana neman intanet tun wajen saiti. Ka tabbata batirin a cike yake saboda ɗauke wuta.

Sannan ka cire tsohon faifan gaba ɗaya kafin ka fara, ko da kwamfutar tana da gurbi biyu. Idan aka bar su tare, mai girkawar yakan ajiye fayilolin tayar da kwamfuta a kan tsohon, ranar da ka cire shi sai ta ƙi tashi, ga kuma haɗarin goge faifan da ba shi ake nufi ba. Ka tayar da filashin ta hanyar UEFI domin SSD ya samu GPT, tsarin rarraba faifai da ke tafiya da UEFI. Idan aka tambaye ka lamba, ka zaɓi I don't have a product key, ka ɗauki Pro, domin idan ka ɗauki Home lasisin ba zai kama ba. Bayan ka hau intanet ka leƙa Settings, System, Activation, ka kuma shiga da asusun Microsoft domin lasisin ya ɗauru da shi.

Ka sani cewa daga sigarta mai suna 24H2, Windows 11 takan kulle faifai da kanta bayan sabon zubi idan ka shiga da asusun Microsoft, ta ajiye lambar ceton a cikin asusun, saboda haka ka rubuta ta a takarda ka adana. Tsohon faifan kuma ka saya masa gida mai USB, ka kwaso fayilolinka kaɗai ban da manhajoji, kuma kada ka yi masa fomat sai ka buɗe kowane babi na aikinka a kan sabon ka ga yana karantuwa.