Kwalbar da ke kallon kyamara

Jiya bayan mun tashi daga ɗaukar shiri ka tambaye ni, "Maigida, me ya sa ka liƙe tambarin kwamfutar nan da tef, amma kwalbar ruwan kan tebur ka juya ta da hannunka har sunanta ya fuskanci kyamara?" Tambayar ta yi mini daɗi, ɗana, don alama ce idonka ya fara buɗewa. Masu ruwan sun biya, masu kwamfutar ba su biya ba.

Duk abin da ka gani a cikin shiri, wani ne ya ajiye shi a wurin. Wayar da ke hannun jarumi, motar da ya fito daga ciki, kofin da ke gaban mai gabatarwa. Kamfani kan ba da kuɗi ko ya ba da kaya, takardar yarjejeniya kuma ta fayyace sau nawa za a nuna, daƙiƙa nawa, a hannun wa. Wasu ma sukan gindaya sharaɗin kada mugun cikin labari ya taɓa kayansu.

Ba yau aka fara ba. Tun shekarun 1930 kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ke ɗaukar nauyin wasannin kwaikwayo na rediyo a Amurka, shi ya sa har gobe Turawa ke kiran wasa mai dogon zango da sunan sabulu. Abin ya ƙara ƙarfi ne da mai kallo ya samu rimot, ya samu na'urar naɗar shiri, ya koma intanet. Tallar da ke tsakanin shiri ana tsallake ta, wadda ke hannun jarumi kuwa ba ta tsallakuwa. Jajayen kofunan Coca-Cola sun fi shekara 10 a gaban alƙalan gasar waƙa ta American Idol, tun daga 2002.

Inda nake so ka saurara da kyau shi ne nan. Mutum in ya ga talla ya san talla ce, yana auna ta. Amma in labari ya ja shi, ya riga ya saki jiki, ya amince da jarumin kamar ɗan'uwansa. Ka sa wanda ya fito a likita ya yabi wani magani don an biya ka, ba tare da ka sanar ba, to ka ci amanar wanda ya ba ka idonsa. Hukumomi sun gane haka. A Birtaniya sai ranar 28 ga Fabrairu 2011 aka halatta saka kayan talla cikin shirin talabijin, hukumar Ofcom mai kula da kafofin watsa labarai ta ce dole harafin P, alamar cewa akwai talla a shirin, ya bayyana daƙiƙa uku a farkon shiri, da bayan kowane hutun talla, da ƙarshe. Ta hana a labarai da shirin yara, ta hana taba da giya da caca da magunguna da madarar jarirai. A Amurka ma dokar sadarwa ta 1934 ta wajabta wa tasha ta faɗi wanda ya biya.

Ni kaina na taɓa yin abin da har yanzu yake ci mini rai. Wani kamfanin waya ya nemi a nuna wayarsa kusa-kusa, na sa ta a fitowar da ake sanar da wata mata rasuwar mahaifinta. Kyamara ta bar fuskarta tana hawaye ta tsaya kan tambari daƙiƙa huɗu. Jarumar ta yi aikinta, ni na ɓata mata shi. Tun daga ranar ba na yarda kayan talla su shiga fitowar kuka.

Don haka in an ba ka kaya, ajiye shi inda mutum zai ajiye a ɗakinsa. Kada haskensa ya fi na fuskar ɗan wasa. Lura da yawan ruwan kwalbar da inda ta kalla daga ɗauka zuwa ɗauka, don mai tacewa, wato mai haɗa hotunan shirin, zai neme ka in sun saɓa. Tef ɗin kwamfutar kuwa yana hana mu yin talla kyauta, yana kuma raba mu da rigima da kamfanin da bai ba mu izini ba.

Gobe kafin a kunna fitilu, je wurin mai tacewa ka tabbatar sunan masu ruwan nan ya shiga jerin ƙarshen shiri, da rubutun da zai karantu.