Hutun golf a karkarar Sikotland: ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara shida ke nan ina buga golf a Kaduna. Ina da hutun mako guda, ina so in je Sikotland in buga a filayen karkara, ba cikin birni ba. St Andrews kaɗai na sani. Ina zan dosa, kuma a wane wata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. St Andrews uwa ce a wannan wasa, sai dai samun gurbi a tsohon filinta aiki ne ja: ko ka yi rajista tun da wuri, ko ka shiga ƙuri'a, ranar Lahadi kuma ba a bugawa a cikinsa. Mai mako guda, shawarata ya haura arewa. Ka sauka Inverness, ka ɗauki hayar mota, ka bi hanyar A9 tafiyar kamar awa ɗaya zuwa Dornoch, ka yada zango a nan. Kada ka riƙa sauya masauki kullum, hutun sai ya ƙare a ɗaure kaya da kwance kaya.

Royal Dornoch shi ne babban filin yankin. An kafa kulob ɗin a 1877, amma tun 1616 akwai shaidar ana buga golf a garin. Nan aka haifi Donald Ross, wanda ya je Amurka ya tsara shahararren filin Pinehurst mai lamba 2. Kuɗin shiga Royal Dornoch da tsada, kuma sai ka kama lokacinka watanni kafin tafiya. Ka buga shi sau ɗaya, ka ɗauki kadi ɗan garin, wato mai ɗaukar maka sanduna yana ba ka shawara, domin wuraren ramukan a kan tudu suke kamar an kife faranti. Ƙwallon da ka ɗauka ta zauna sai ka ga ta gangaro ta dawo gabanka.

Sauran kwanakin ka ba ƙananan filaye, ni a ganina can daɗin yake. Filin Tain yana kudu da Dornoch kaɗan, Old Tom Morris, shahararren ɗan golf na St Andrews, ne ya tsara shi a 1890. Golspie da Brora suna arewa a bakin teku, duk ba su wuce rabin awa ba. Brora dai an daɗe da saninsa da tumaki da shanu masu kiwo a tsakiyar fili, har aka kewaye wuraren ramuka da siririyar wayar lantarki, mai wasa ya tsallaka da sandarsa a hannu. Ɗan Arewa ba zai ji baƙunta ba.

Akwai abin da ka riga ka iya ba ka sani ba. Filayen bakin teku ƙasarsu yashi ce mai tauri, iska kuma ba ta hutawa. Wanda ya ɗaga ƙwallo sama, iska ta kai masa ita cikin wata ƙaya mai furanni rawaya, shi ke nan ta tafi. Dabarar ita ce ka buga ƙasa-ƙasa, ƙwallo ta sauka kafin wurin rami ta mirgina da kanta, yadda kake yi a gida lokacin hunturu idan ƙasa ta bushe ƙamas. Ka shirya tafiyar ƙafa kuma, don galibi ba a ba da motar fili sai ga mai lalura.

Lokaci kuwa, Mayu zuwa Satumba. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe goma na dare, kana iya zagaye biyu a yini, amma ka duba jadawalin salla tun daga gida, tazarar Isha da Asuba gajeriya ce ƙwarai. Rigar ruwa da ta sanyi dole ne, ko da rana ta fito da safe.

A hagu ake tuƙi, wasu hanyoyin ƙauye kuma mota ɗaya suke ɗauka, sai a raɓe a wuraren da aka ware a ba juna hanya. Naman halal yana wuya a ƙauyukan, kifi ne zai rufa maka asiri. Juma'a kuma ka koma Inverness, akwai masallaci a can.