Tambaya da Amsa: Wace irin ƙasa zan zuba wa fulawata?

TAMBAYA: Salam Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah ina da fulawa biyu a falo, peace lily (fulawar nan ta cikin ɗaki mai farin fure) da kariya, ƙasar bayan gidanmu na ɗebo na zuba musu a tukunyar roba, kullum sai na ba su ruwa amma ganyen sai ya yi yalo ya zube, fure kuwa ko ɗaya ban gani ba. Ko taki ne bai ishe su ba?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Bar maganar taki tukuna, ƙasar ce. Ƙasar tsakar gida in da laka a cikinta, da ta shiga tukunya ta sha ruwa sai ta dunƙule kamar tubali, iska ba ta shiga, saiwa kuwa numfashi take yi, ke kuma kullum kina ƙara ruwa, shi ke nan sai ta fara ruɓewa. Zaro ɗaya ki duba, lafiyayyar saiwa fara ce da ƙwari, in kin ga ta yi baƙi ta yi laushi tana wari to ki yanke wurin.

Peace lily ki haɗa mata kwano 2 na baƙar ƙasar lambu, kwano 1 na yashi mai tsakuwa-tsakuwa irin na rafi, kwano 1 na takin shanu ko na awaki wanda ya ruɓe sosai har ya daina wari, sai ki daddaka gawayi ki watsa. In akwai ɓuntun shinkafa ƙara kaɗan, yana sa ƙasa ta saki. Ki jiƙa haɗin ki damƙa a hannu, in ya dunƙule amma kina taɓawa ya wargaje to ya yi. Ɗanyen kashin kaji kam kar ki soma, ƙona saiwa yake, kuma taki in ya yi yawa ganye za ki tara ba fure ba.

Kariya kuwa 'yar sahel ce, ruwanta na ajiye a wannan ƙaton gindin nata, ki sa rabin ƙasarta ya zama yashi da gawayi, kuma dan Allah fito da ita daga falo, ba ta fure sai ta sha rana sosai. Ki kula da yara, ruwan jikinta guba ne.

Tukunyar ma a huda gindinta, da ƙusa mai zafi ma ya isa. Ruwa kuma sai kin tura yatsa kin ji saman ƙasar ya bushe sannan ki ba su.