Amsar tambayar Baffa game da gidanmu na Sabon Zango

Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Na iso Akra lafiya, na tarar da iyali ƙalau, duk suna gaishe ku.

Tambayar da kuka yi mini a zaure daren ɗaurin aure, bayan mun dawo daga isha'i, ita ce ta hana ni sukuni tun daga Katsina har gida. Kun ce, "Wai da gaske ne a can gida ɗaya kuke zama da baƙi, mazan wasu na ratsa tsakar gida matanku na zaune?" Na ce haka ne, na yi shiru, don samari sun cika zauren. Amma na ga yadda kuka sunkuyar da kai, na san kun tafi da zaton mun zubar da kunya a bakin teku. Shi ya sa na zauna na rubuto.

Sabon Zango, unguwarmu a nan Akra, ba baƙon wuri ba ne ga Katsinawa. Malam Baƙo ne ya kafa unguwar a farkon shekarun 1900, a filin da ya samu daga hannun Gaawa masu ƙasa, kuma tsofaffinmu kan ce gidansu daga Katsina ya taso. Kakanmu, yayan mahaifinku, fataucin goro ya fito da shi. Ya bi ta Salaga, ya yi zama a Kumasi, daga baya ya gangaro nan ya gina gida. Abin da nake so ku duba shi ne irin gidan da ya gina: gidan mai masauki ne. Falke ya zo da shanu ko da kaya, ya sauka, a ba shi ɗaki da abinci, maigida ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa, ya karɓi la'adarsa. Da jirgi da mota suka kashe ayari, ɗakunan nan ba su rushe ba, sai suka koma na haya. Baƙo a tsakar gidanmu ya girmi mahaifina.

Lokacin da nake yaro, ɗaki goma sha huɗu ne a kewaye da fili ɗaya, rufin kwano, ƙofa na kallon ƙofa. Akwai Bazabarme mai sayar da albasa, da Bamoshe mai gadin dare, da wasu Kotokoli biyu 'yan dako, da mahauci Basakkwace, da wata Bayarbiya mai tireda da muke kira Iya. Babu attajiri ko ɗaya a cikinsu. Kowa da yarensa a cikin ɗaki, amma da ya ɗaga labule ya fito, Hausa ce. A nan ne Hausarmu ta sauya, Baffa. Harshen da ya zama na kowa sai ya sassauta, shi ya sa kuka ji ɗana ya ce da ƙanwarsa "ya zo". Na san kunnen Bakatsine ba ya son jin haka. Ni ma ina gyara musu. Amma da wannan Hausar aka yi mana huɗuba, da ita aka ɗaura mana aure.

Ranarmu daga tukunyar Inna take farawa. Tun daren jiya ta jiƙa gero, mu kai inji, ta tace, ta zuba citta da kanumfari da barkono. Kafin kiran assalatu wuta ta kama. Ni ne mai ɗaukar benci, yayata ta ɗauki kwandon ƙosai, mu fita bakin titi inda leburori da makanikan unguwar Abosokai ke jiran mota. Gaawa da Asantawa su yi layi da kofunansu, "Hausa koko" suke ce masa har yau. Shinkafa da waken da maƙwabciyarmu ke dafawa da karan dafi, ta fito jawur, ita ce duk Gana ke kira "wace", sunan kuma daga wakenmu ya fito. Daga nan in ruga makarantar allo, in wanke hannu daga tawada, in sa kayan boko. Kuɗin makarantata daga wannan ludayin ya fito, ba daga aljihun kowa ba. Da an kulle Inna yadda ake yi a gidajenku, da ban iya rubuta muku wannan takarda ba. Ba ina kushe kulle ba ne. Inda maigida ke da rumbu da gona yana da kyau. Mu ba mu da ko taki ɗaya na gona.

To kunyar fa? Tana nan, sai dai ba katanga ke tsare ta ba. Namiji ba ya wuce zaure sai ya yi sallama da ƙarfi ya dakata, mata su ja mayafi, sannan ya ratsa idonsa a ƙasa har ƙofarsa. Labulen wani ba a ɗaga shi, ko yaro ya san wannan. Kakarmu kuma tana zaune kan tabarma a bakin ɗakinta da carbi, daga hantsi har magariba, babu mai shiga ko fita ba ta gani ba. Na ga ranar da wani sabon ɗan haya ya tsaya yana jan matar mahauci da hira a bakin murhu. Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta aika aka kira shi, ta ce wata ya kusa ƙarewa, ya nemi wani wuri. Bai kai ƙarshen watan ba. Mu yara kuwa na kowa ne. Baba Bazabarme ya taɓa tsinka mini mari don ya gan ni ina ƙwallo lokacin la'asar, da na kai ƙara wurin mahaifina sai ya tashi ya je ya yi masa godiya.

Ba zan ɓoye muku wahalar ba. Layin famfo tun asuba, da faɗan mata a kansa. Bayan gida na unguwa ne, ka biya ka shiga. In damina ta sauka kwata ta cika ta shigo ɗaki, mu kwana a tsaye muna kwarfe ruwa da kwano. Abokaina da yawa ba su gama firamare ba, kuma wannan yana ci mini rai har gobe.

A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ina ɗan shekara uku, Inna ce ta ba ni labari. Rabin gidanmu ya watse cikin kwanaki. Iya ta ɗaure abin da za ta iya ɗauka, ta miƙa wa Kaka makullin ɗakinta da tukwanenta a ciki, suka rungume juna suna kuka. Kaka ta hana a ba da ɗakin haya shekara biyu cur, ga gidan na bukatar kuɗin, wai amanar mutane ce. Mu kanmu da aka haifa a nan mun kwana da fargaba. Sai ga 1983, shekarar fari da yunwa, Najeriya ta koro 'yan Gana, wasu daga cikinsu a zaurenmu suka fara sauka, Inna ta riƙa tsinka kokon don ya isa kowa.

Yanzu gidan bulo ne, an ja famfo ciki, Kaka da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ɗakin da ke jikin zaure dai ba a taɓa sa masa kuɗi ba tun zamanin kakanmu, na baƙo ne. Na ji jikanku na cewa yana son zuwa ya ga kasuwar kayan mota ta Abosokai. Ku bar shi ya zo bayan sallah. Ya taho mana da geron Katsina ko tiya biyu ne, matata na so ta gwada koko da shi.