Allurar nunar da huhun jariri: kowace mai ciki ake yi wa?

Tambaya: Salam likita. Ni ungozoma ce, ban daɗe da fara aiki ba. A inda nake duk matar da ta zo da ciwon mara kafin watanta ya kama sai a ce a yi mata allurar dexa (dexamethasone) don huhun jariri ya nuna, wasu ma duk sati ake sake musu. Da na yi magana sai aka ce min ai bincike ya tabbatar, ba ta da illa. Ni dai hankalina bai kwanta ba, kar mu je muna cutar da jarirai ba mu sani ba. Wane bincike ne wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Binciken yana nan, amma bai ce abin da suke faɗa ba.

Aikin Graham Liggins ne, likitan mata a birnin Auckland na ƙasar Niyu Zilan. Shi ba huhu ma ya fita nema ba, abin da ke tayar da naƙuda yake bi a jikin tumaki, sai ya lura 'yan tumakin da aka ba cortisol, wani sinadarin jiki dangin dexa, tun suna ciki an haife su kafin lokaci amma huhunsu ya ɗauki iska. Tun 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead sun nuna ƙarancin surfactant, sinadarin da ke hana huhu mannewa, ne ke danne huhun bakwaini, ga shi an samu abin da zai sa huhun ya fara yin nasa da wuri. Liggins ya haɗa kai da likitan jarirai Ross Howie suka gwada betamethasone, 'yar uwar dexa, a kan mata 282, suka fitar da sakamakon a 1972, ciwon numfashin ya sauko daga kusan kashi 26 cikin ɗari zuwa 9. Kuma abin haushi sai da aka yi shekara ashirin likitoci na jan ƙafa, sai bayan 1994 allurar ta zama ruwan dare a Amurka.

To yanzu kuma an koma ɗaya ɓangaren, wai "ba ta da illa". Wallahi wannan kalmar na gaji da jinta. Wa ya ce? A 2015 an buga wani babban gwaji da aka yi a ƙasashe shida, ciki har da Indiya da Kenya da Zambiya, aka yi ta yi wa mata allurar ba tare da an tabbatar da satin cikin ba, kin san me ya faru? Mutuwar jarirai ƙaruwa ta yi, cutar mahaifa ma ta ƙaru ga iyayen, don da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa ba bakwaini suka haifa ba. Da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sake gwajin, wanda aka buga a 2020, a asibitocin da ake yin scanning kuma akwai iskar oksijin da kulawar jarirai, sai mutuwar ta ragu. Maganin ɗaya ne fa, wa aka yi wa da kuma inda aka yi ne ya bambanta. Amma sai ki ga mutum bai ɗora scanning ba, bai tambayi ranar ƙarshen al'ada ba, ya kalli ciki da ido kawai ya ce wata bakwai ne, a zuƙo. Ta duk sati kuwa ita ta fi ƙona min rai, an ga jariran suna fitowa da ƙarancin nauyi da ƙaramin kai, kuma allurar ba ta tsayar da naƙuda, duk wanda ya ce miki tana riƙe ciki bai san aikinsa ba.

Kafin ki zuƙa, ki tabbatar cikin yana tsakanin sati 24 da 34, haihuwar ana sa ranta cikin kwana bakwai, uwar ba zazzaɓi ko alamar cuta a mahaifa, kuma akwai inda za a kula da jaririn in ya fito. Dexa miligiram 6 ce a tsoka duk awa 12, sau huɗu. Mai ciwon suga ki sa ido a kan sugarta don zai hau. In sati ya wuce ba ta haihu ba kuma haɗarin yana nan, sau ɗaya ake iya sakewa, shi ma likita ne zai yanke. In babu waɗannan a wurinku, ki tura ta babban asibiti da wuri, ki rubuta a katinta abin da aka yi mata da ƙarfe nawa aka yi.