Me ya sa na fara ɗora ka a kan enzayim?

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa na ajiye ka kana awon saurin aikin enzayim, wato furotin mai hanzarta sauya sinadarai a jiki, alhali abin da ya kawo ka ɗakin binciken nan shi ne furotin ɗin da ke dakon saƙon jijiya a ƙwaƙwalwa. Tambayar tana kan hanya, kuma na ji daɗi da ka yi ta a fili maimakon ka riƙe a ciki.

Aikin guda ne. Enzayim yana kama sinadari, ya sauya shi, ya sake shi. Furotin mai dako yana kama sinadari a wajen ƙwayar jijiya, ya sauya siffar jikinsa, ya sake shi a ciki. Dukansu suna ƙoshi: ka yi ta ƙara musu sinadari, saurin ya yi ta hawa, har ya kai inda ba ya ƙara motsi, domin kowane gurbi ya cika. Lissafin da Leonor Michaelis da Maud Menten suka fitar a 1913, wanda kake zana layinsa kullum, da shi za ka auna dakon serotonin ko dofamin, sinadaran da jijiyoyi ke aika saƙo da su.

Dubi Julius Axelrod. Ya daɗe yana ma'aikacin ɗakin gwaji a Amurka, har ya rasa ido ɗaya sa'ad da kwalbar amoniya ta fashe, kuma bai sami digirin dakta ba sai 1955, ya haura shekara 40. A wancan zamani an san cewa sinadarin saƙon da ake kira asetilkolin enzayim ne ke farfasa shi da zarar ya isar da saƙo, sai aka ɗauka haka abin yake ga noradiranalin, wanda shi ma sinadarin saƙo ne. Axelrod ya shiga nema, ya kuwa gano enzayim ɗin COMT mai kashe kaifin noradiranalin a 1957. Amma da aka toshe shi, aka toshe MAO, wani enzayim mai farfasa noradiranalin wanda Mary Hare ta gano tun 1928, saƙon bai fasa mutuwa a kan lokacinsa ba. Ashe akwai wata hanya. Shi da Georg Hertting suka yi wa kyanwa allurar noradiranalin mai alamar tiritiyam, alamar da na'ura ke iya ƙirgawa, bayan sun cire jijiyoyin gefe ɗaya na kanta. Gefen da ke da jijiya ya zuƙe sinadarin, ɗaya gefen bai ɗauki abin kirki ba. A 1961 ke nan aka tabbatar jijiya tana janye abin da ta saki, kuma hodar ibilis hanyar nan take toshewa. Ya sami kyautar Nobel a 1970. Da bai san enzayim ciki da bai ba, da bai gane cewa enzayim bai isa ya bayyana abin da yake gani ba.

To ga inda dako ya fi wuya, kuma nan nake so ka buɗe kunne. Enzayim kana iya narkar da shi a kwalbar gwaji ya ci gaba da aiki, ka ga sabon sinadari yana fitowa. Mai dako kuwa ba ya haifar da sabon abu. Serotonin ɗin da ya shiga shi ne wanda yake waje, wuri kawai ya sauya. In ka ciro furotin ɗin daga tantanin ƙwayar halitta, babu ciki babu waje, me za ka auna? Wannan ne ya ja shekaru. Sai da Baruch Kanner da abokan aikinsa suka riƙa mayar da furotin cikin 'yan ƙananan jakunkunan kitse na haɗi kafin su tace mai dakon sinadarin saƙon GABA daga ƙwaƙwalwar ɓera a 1986, aka samo ƙwayar gadonsa a 1990. Hoton siffar danginsa kuwa sai 2005, daga ɗakin binciken Eric Gouaux, kuma daga wata bakteriya mai rayuwa a ruwan zafi aka same shi.

Ranar da zan ba ka gwajin dako, ga abin da hannunka zai yi. Kwalabe suna cikin ruwa mai ɗumin digiri 37. Ka ɗiga sinadari mai alama, idonka a kan agogo, bayan 'yan daƙiƙoƙi ka kwara ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara, ka juye a kan takardar tacewa, ka wanke, ka kai wa na'ura ta ƙirga. Na'ura za ta ba ka lamba ko da shirme ka yi, kuma lambar ba za ta gaya maka ko sinadarin ya shiga ciki ko manne wa ya yi a jikin takarda ba. Kai ne za ka bincika. Ka yi kwalba wadda ka cire sodiyam ka sa wani sinadari mai suna kolin a madadinsa, domin mai dakon serotonin ba ya tafiya sai da sodiyam da kuloraid, fotasiyam kuma ya fita. Ƙarfin da yake aiki da shi daga famfon sodiyam yake, wanda Jens Skou ya gano a jijiyar ƙaguwa a 1957, shi ma ɗin enzayim ne. Ka yi wata kwalba a kan ƙanƙara tun daga farko, wata kuma da maganin da ke toshe hanyar, irin fluoxetine. Abin da ya rage bayan ka debe waɗannan shi ne dako na gaskiya.

Akwai kuma maganar lokaci. In ka bar gwaji ya wuce ƙima, jaka ta cika, wani ya fara komawa waje, lambarka ba sauri take nunawa ba. Wannan ido na gane farkon layi, inda yake miƙe sak, shi nake so ka samu yanzu a kan enzayim mai araha, mai haƙuri da hannun ɗan koyo. Ƙwaƙwalwar dabba rai aka ba da kafin a same ta, ba na yarda a ɓarnatar da ita wajen koyon riƙe fifet, bututun awon ruwan gwaji.

Gobe in Allah ya kai mu, ka sake awon jiya da rabin enzayim ɗin, ka kawo mini littafinka. In saurin ya ragu da rabi daidai, mako mai zuwa za mu shirya jakunkunan tare.